Tace Bidiyo a Matsayin Dabarar Koyar da Baƙon Harshe: Misali daga Adar

Gabatarwa

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan ɗalibin Tawa ko na Kalfu bai rabu da buƙatarsu ba, alhali a cunkoson aji da wuya ya samu damar furta cikakkiyar jimla.

Ra'in da aka ɗora aikin a kai

A 1985 Merrill Swain, bisa nazarin ɗaliban da ake karantarwa da Faransanci a Kanada, ta nuna cewa saurare kaɗai ba ya wadatarwa. Sai mai koyo ya yi magana ko rubutu yake gano giɓin da ke cikin iliminsa. Tace bidiyo yana tilasta wannan, domin mai tacewa yakan saurari muryarsa sau da yawa kafin ya yanke.

Matakai

Na farko, ɗalibai huɗu su ɗauki hoton minti ɗaya da wayar salula, misali masunta a tafkin Tabalak. Na biyu, su rubuta bayani da Faransanci, su naɗi murya. Na uku, su daidaita murya da hoto a manhaja irin su CapCut, su sa rubutu a ƙasa. Na huɗu, wani rukuni ya duba, ya gyara.

Abin da ɗalibi zai gano

Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, kuma Ba'adare "tahi" yake cewa maimakon "tafi". Don haka pont da fond kan rikice masa a baki, amma idan rubutu ya saɓa wa murya, kunnensa zai kama kuskuren. Haka nan wanda ya gwada yanke les amis tsakanin kalmomin biyu zai tarar sautin /z/ ya bi kalma ta biyu. Ya ga iyakar gaɓa daban take da iyakar kalma.

Kammalawa

Haɗarin shi ne ado ya danne darasi. Malami ya ba da maki a kan furuci da nahawu, ya hana kiɗa, kuma ya raba aiki yadda mai wayar ba zai mallake rukuni ba.