Kafin Ka Ɗaga Bulala, Malam



'Yan uwa, darasin wannan makon zai ɗan kauce wa babin tsarki da muke ciki. Kuma da laifin kaina zan fara, don kada wani ya ce Malam ya zo yana nuna mutane da yatsa.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana wani yaro a Islamiyyar da nake koyarwa da yamma. Bai wuce shekara goma ba. Mahaifiyarsa ce ta taso da shi da ƙannensa daga wani ƙauye ta wajen Safana, suka raɓe a gidan dangi cikin garin Dutsin-Ma. An ce mini yana da izu biyar a ka. Na gwada shi, lallai akwai su. Amma ƙarin ko aya ɗaya ya gagara. Kullum can baya yake zama, ya jingina da bango, idonsa na kan ƙofa. Ka ce ya biya, sai ya zuba maka ido kamar ba da shi kake ba. Mako uku muna kan shafi ɗaya. Ran nan raina ya ɓaci, na ce wannan taurin kai ne, na zuba masa bulala uku. Bai yi kuka ba, ko motsi bai yi ba.

Bayan kwana biyu 'yan rakiyar amarya suka ratsa ta bayan makaranta a kan babura, suna ta ƙure wuta. Kafin in waiga yaron nan ya faɗa ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa, fitsari na bin ƙafarsa. Yara suka kwashe da dariya. A daren na je gidansu. Gwaggonsa ce ta faɗa mini: daren da aka shiga ƙauyensu, cikin rumbu aka tura shi, daga nan ya ji duk abin da aka yi wa mahaifinsa, bai fito ba sai da gari ya waye. Tun daga lokacin ba ya barci sai da tocila a kunne.

Wallahi har yau in na tuna bulalar nan sai in yi istigfari.

To, yara nawa ne irinsa a azuzuwanmu, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi? Yaron da aka haifa a 2015 a wannan yanki, da labarin ɓarayin daji ya buɗe ido. Yana ɗan shekara biyar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, aka rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun. A Oktoba 2023 aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Mu manya mukan zauna a majalisa mu yi ta maimaita waɗannan labarai dalla-dalla, wa aka kashe, nawa aka biya, yara na gefe suna ji. Mu mun iya cewa "hankalina ya tashi". Yaro bai iya ba. Jikinsa da halinsa ne ke faɗa.

Shi ya sa alamomin sukan zo da kamar rashin tarbiyya. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Mai surutu ya yi tsit. Mai haƙuri ya koma mafaɗaci, abu kaɗan ya kai duka. Wata kullum ciwon ciki ko ciwon kai da an ce a shirya makaranta, a je chemist a sayo magani, ba sauƙi. Wani gyangyaɗi yake a aji saboda mafarki ya hana shi barci. Hadda ta zube, lissafi ya gagara, domin ƙwaƙwalwar da ke gadin ƙofa ba ta da sararin riƙe karatu. Kuma ba harin 'yan bindiga kaɗai ke jawo haka ba: mutuwar uwa, sakin aure, yunwa, tsangwamar abokai, ko wani babba da ke lalata da yaro a ɓoye, duk suna yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata irin matsalar. Wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya, har da ƙasashen da ba su san ƙarar bindiga ba. A Najeriya kuwa likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu a manyan birane. In muka ce sai yaro ya ga irin wannan likita sannan a taimake shi, to mun ce kada a taimake shi ke nan.

Wa ke ganin yaron kullum? Malami. Na boko yana tare da shi daga safe zuwa azahar, na Islamiyya daga la'asar zuwa magariba, na allo ma a gabansa yake kwana. Kuma malami yana da abin da uwa ba ta da shi: yara arba'in ko fiye sa'annin juna a gabansa, yana iya gane wanda ya fita daban. Uwar da ita ma take cikin takaba da neman abin da za a ci, sau da yawa ba ta lura ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Malam, ai aljanu ne, ruƙiyya za a yi." Ni ban musanta aljanu ba, ban musanta ruƙiyya ba, ina yi wa 'ya'yana ma. Abin da nake ƙi shi ne a tara mutane a danne yaron da tsoro ya riga ya cinye, ana yi masa ihu a kunne ana dukansa wai ana dukan aljani. Wanda aka danne a daji ka sake danne shi a zaure, me ka yi masa? Ka karanta masa a hankali, hannunka a kansa, uwarsa na kusa. Sannan ka nemi sababi. Manzon Allah (SAW) da ya koyar da ruƙiyya, shi ne ya umarce mu da neman magani.

Kuma kada a ce wannan magana ce ta Turawa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, wato 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware kashi na biyu na littafin ga lafiyar rai: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki, da waswasi. Har ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili bayyananne, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani. Lokacin da nake karatu a Alƙahira nakan bi ta gaban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, wanda tun a wancan zamani yake da sashen masu taɓin hankali. Mu kuma a 2019 sai da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da cikin Katsina, aka fito da yara da matasa da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san inda za su kai su ba.

Ku duba ƙissar ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, tana cikin Bukhari da Muslim. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo ya gan shi jugum. Bai wuce ba. Ya tambayi dalili, ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya yi masa maganar tsuntsun. Malamai sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga wannan hadisi, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne: shugaban al'umma ya lura fuskar yaro ta canza, a kan tsuntsu. Ni kuwa yaro ya rasa uba, mako uku yana gabana ban tambaya ba.

Abin da ake nema daga malami ba aikin likita ba ne. Ka lura da canji, musamman in ya wuce mako biyu ko uku. Ka kira yaron gefe, ba gaban aji ba, amma inda ake hango ku. In yarinya ce, malama ta yi. Kada ka ce "faɗa mini abin da ya faru a daren", tilasta shi maimaita labarin na iya ƙara masa ciwo. Ka ce: "Na ga kwana biyu ba ka jin daɗi, ina nan in kana son magana." In ya yi shiru, ka bar shi, gobe ka sake gaishe shi. In ya fara magana, ka rufe bakinka. Mu malamai wannan ne ya fi mana wuya, da yaro ya buɗe baki mun jawo wa'azin haƙuri. Haƙuri gaskiya ne, amma Annabi Yaƙub (AS) ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma ba a cire shi daga masu haƙuri ba.

Sannan ka rage masa nauyi. Aya biyu maimakon shafi. Ka bar shi ya zauna inda hankalinsa ya kwanta. Ka ba shi ɗan aiki, ko share allo ne, ya ji ana buƙatarsa. Ka haɗa shi da aboki mai natsuwa, kuma ka hana dariya da laƙabi da gaske, domin yaron da aka fara kira "mahaukaci" a aji huɗu, da sunan zai girma. Sirrinsa kuma amana ne, ba labarin ofishin malamai ba.

Amma akwai inda malami zai tsaya. Yaron da ke cewa gara ya mutu, ko yana yi wa kansa rauni, ba a jira da shi ko kwana ɗaya. A sanar da iyaye, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti. Haka wanda ya daina ci, ko yake jin muryoyi, ko ya fara shaƙar sholisho da shan ƙwaya. Mai faɗuwa yana kakkafewa kuma a fara duba farfaɗiya, tana da magani, kuma ba a ɗaukarta ta miyau kamar yadda ake cewa. A fara da babban asibitin da ke kusa, su za su tura Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna in ta kama. In kuma alamu sun nuna wani ne ke cutar da yaron, rufa-rufa haramun ce, ko waye shi.

A takarda dai akwai tanadi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a samar da malamin ba da shawara a makarantu. A Janairu 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma ku tambayi 'ya'yanku ko sun san wane ne malamin shawara a makarantarsu. Abin da ya fi ba ni takaici, a garin nan muke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke yaye malamai duk shekara, ga tsangayar ilimi a jami'a. Me zai hana ƙungiyoyin Islamiyyu da na iyaye da malamai na Dutsin-Ma da Kurfi su je su roƙi bita ta yini biyu ga malamansu? Ɗaki da allo kawai ake buƙata. Masu hannu da shuni da ke gina mana masallaci na uku a layi ɗaya, ga inda kuɗin abincin rana zai yi amfani.

Shi yaron nan, washegari na ba shi haƙuri a gaban gwaggonsa. Ya yi mamaki, ita ma ta yi. Na mai da shi kusa da ni, na ɗora masa raba Alƙur'anai da tattara su. Wani ma'aikacin lafiya da ke salla a masallacinmu ya riƙa ganinsa da mahaifiyar. Sai da aka yi wata huɗu kafin ya ƙara shafi ɗaya. Yanzu yana izu tara. Har yau in babura suka wuce da yawa yakan daskare, sai in ci gaba da karatu kamar ban gani ba, shi kuma ya dawo da kansa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya ji ƙan waɗanda aka kashe. Mako mai zuwa, in sha Allahu, za mu koma kan abubuwan da ke warware alwala.