Darasi: Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki A Gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan shanyewar ɓarin jiki ne, larurar da idan ta shigo gida nauyinta kan faɗo a wuyan mace, ko miji ne ya kwanta, ko uwa, ko suruka. Daga Ƙofar Nassarawa zuwa Asibitin Murtala tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu, amma sau da yawa sai mutum ya faɗi da asuba, a kwana biyu ana turare ana cewa iska ce ta buge shi, sannan a kai shi asibiti.

Mene ne asalin ciwon?

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko kuma ta fashe. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi a ƙasashenmu. Ciwon suga, ƙara gishiri a abinci da rashin cin ganye su ma suna ciki.

Alamomi uku za ki riƙe: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Da kin ga ɗaya, sai asibiti nan take. Addu'a kam a yi ta a hanya. Kada ki ɗura masa ruwa ko rubutu, domin maƙogwaro kan kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada kuma ki ba shi asfirin da kanki, don idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin.

Bayan an sallamo shi

A nan aikinki yake farawa, 'yar uwa.

1. Magani. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin ya dawo masa. Ki samu ɗan littafi kina rubuta awon jininsa da ranar komawa asibiti. Idan awo yana kai 140/90 ko sama, a sanar da likita. Batun azumi ma a tambayi likita tukuna.

2. Abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji. Ki yawaita zogale, alayyahu da rama. Ki zaunar da shi sosai kafin ya ci, loma ƙanana, ba gaggawa. In yana yawan ƙwarewa ko tari wajen cin abinci, ki faɗa wa likita.

3. Kwanciya. Wanda ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu, gadon baya da dunduniya, kada gyambo ya fito. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa.

4. Motsa jiki. A lizimci zuwa wajen likitocin gashi, kuma atisayen da suka koya a maimaita shi kullum a gida. Watannin farko su ne jiki ya fi karɓar gyara.

Kuskuren da tausayi ke jawowa

Da yawanmu saboda ƙauna sai mu yi wa majinyaci komai: mu ba shi a baki, mu sa masa riga, mu amsa tambayar da aka yi masa. Wallahi wannan tausayin yakan mayar da shi baya. Abin da zai iya, ki bar shi ya yi, ko da zai ɓata lokaci, ko zai zubar da koko a riga. Ku tsara ƙaramin buri duk mako: wannan satin ya riƙe kofi, na gaba ya taka zuwa zaure. Sallah ya yi ta yadda ya samu iko, a zaune ko a kwance, kuma a tambayi malamai hukuncin taimama. In kin ga yana yawan kuka ko saurin fushi, ki yi haƙuri, ciwon ne, kuma damuwar ma ana maganinta.

Ke ma fa mutum ce

Mai jinya in ta kwanta, gida ya zama majinyata biyu. Ki raba aikin da abokiyar zama, 'ya'ya da dangin miji, kowa da ranarsa. Neman taimako ba gazawa ba ne. Ke ma ki riƙa auna jininki.

Aikin gida: matan kowace Islamiyya su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini guda, su roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta koya musu amfani da ita, a kuma tsara zuwa karɓar masu jinya ko na yini guda ne su huta. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan wannan ciwo a duniya, sai mu sa ta a gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.