Ɗakin Girkin Kakata

Ni ma'aikacin ilmi ne. Aikina shi ne in zaga makarantu, in duba yadda malamai ke koyarwa da yadda ku yara kuke karatu. Saboda haka na kwana a garuruwa da yawa, na ci tuwon gidaje da yawa. Amma har yau ban ga ɗakin girkin da ya kai na kakata tsabta da kyaun gani ba. A hannunta na girma, kuma a ɗakin nan na koyi abubuwa da dama tun ban san baƙi da wasali ba.

Ɗakin ƙarami ne, ginin ƙasa. In an gama girbi sai ta gayyato matan unguwa su yi mata daɓe. Su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Sa'an nan a shafe ta da makuba. Kun san makuba? Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya rine. Shi ke sa daɓe ya yi ƙarfi, ya riƙa sheƙi. Bango kuwa farar ƙasa take shafa masa.

Babban jerenta yana ɗakin kwana, kamar na sauran mata, amma ko a ɗakin girki ta yi ɗan ƙarami. Tasoshi a ƙasa, kwanuka a bisansu, kowanne da faifansa mai launi. Ƙorai masu zane suna rataye a ragaya, inda kaji da ɓeraye ba su kaiwa. Muciya da ludayi da maburgi kowanne da wurinsa. Randa tana gefe a rufe, da moɗa guda ɗaya wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Ba ta barin tukunya ta kwana da ƙanzo. Da toka take goge kwanukanta har mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Aibin ɗakin ɗaya ne, ba shi da taga. In ta hura wuta hayaki ya turnuƙe, idonta ya yi ta hawaye, ga tari. Hayaƙin itace yana ɓata huhu in an daɗe ana shaƙarsa, ya fi kuma cutar jaririn da ke goye a baya. Daga baya mahaifina ya fasa bango ya yi mata taga. Ta yi kwana uku tana faɗa, wai ya buɗe wa ƙura hanya, amma tarin ya ragu.

Ran Alhamis da yamma a ƙofar ɗakin nan take wanke wa 'yan'uwana mata kai. Sai ta jiƙa ganyen karkashi, irin wanda ake miya da shi, har ya yi yauƙi. Yauƙin nan yana sa gashi ya yi laushi, mataji ya ratsa shi ba tare da ya tsinke ba. In kai ya bushe ta shafa man kaɗe. Itacen kaɗanya ba ya gaggawa, yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya soma 'ya'ya. Da farkon damina 'ya'yan ke zubowa. Mata su tsinto, a sha zaƙin, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta cuɗawa da ruwa har mai ya taso. Wahala ce babba, shi ya sa kakata ba ta yarda a yi wasa da ko ɗan lakuce ɗaya.

Ga abin da ya kamata 'yan mata su riƙe. In mai kitso ta ja gashi har ya hana ki barci, ko ƙananan ƙuraje suka fito a goshi, to, kitson ya yi tsanani, a sassauta shi. Irin wannan ja ne ke cinye gashin gaba, wani lokaci ba ya sake tsirowa. Kada kuma ku yi aron mataji, don ta nan ƙwarƙwata ke yin ƙaura daga kai zuwa kai.

A cikin wani ɗan kwando take ajiye magungunanta: citta, kanumfari, tafarnuwa, da kwalbar zuma. In mura ta kama ni sai ta ce, "Zo nan, maigida, kada ka mutu ka bar ni da takaba." Ta dafa citta, ta matsa lemun tsami, ta zuba zuma, ta ba ni da ɗuminsa. Likitocin yanzu ma sun yarda zuma tana sauƙaƙa tari. Amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda cikinsa bai iya yaƙi da ita ba tukuna.

Da duk saninta, akwai ranar da kakata ta yi kuskure, kuma saura kaɗan ya ci ran ƙanwata. Yarinyar tana da shekara biyu gudawa ta kama ta. Kakata ta ce a hana ta ruwa, wai ruwan ne ke ƙara gudawar. Haka mutane da yawa suka ɗauka a lokacin. Kafin gari ya waye idanun yarinya sun faɗa, bakinta ya bushe, tana kuka ba hawaye. Allah Ya taimake mu, wata maƙwabciyarmu mai aikin asibiti ta shigo. Da ta gan ta sai ta ce, "Inna, ruwan jikinta ne ke ƙarewa. A kawo mini gishiri da sukari." Ta haɗa, ta zauna tana ba ta cokali ɗaya bayan ɗaya. In ta yi amai ta dakata kamar minti 10, ta ci gaba. Kafin la'asar yarinya ta buɗe ido ta nemi nono, aka kai ta asibiti aka ƙarasa duba ta.

Me ya sa wannan ruwa ke aiki? Sukari yana taimakon hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jiki. A shekarar 1971, lokacin yaƙin ƙasar Bangaladash, cutar kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba mutane ruwan gishiri da sukari su sha. Da can kusan mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

To, ga yadda ake haɗa shi. A wanke hannu da sabulu. A sami ruwa mai tsabta lita 1, watau ruwan leda biyu irin mai rabin lita, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, da gishiri rabin cokalin, duka a shafe, ba a tula ba. A dama har su narke. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, don gishiri in ya yi yawa shi ma cuta ne. Wanda ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. In akwai na ƙunshi wanda ake samu a asibiti ko kantin magani, ya fi, tare da ƙwayar zinki. Kada a daina ba yaro nono ko abinci. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa sha, a tafi asibiti nan da nan.

Tun daga ranar kakata ta ware wani ƙaramin cokali, ta ɗaura masa jan zare, ta rataye shi kusa da kwandon magani. Duk matar da ɗanta ya yi gudawa a unguwar, wurinta take zuwa a auna mata. Ni kuwa wata rana na ɗauki cokalin nan na sha koko da shi, na sha ranƙwashi biyu a tsakar ka.

Tambayoyi

1. Da me ake yin makuba, kuma mene ne amfaninta?
2. Wane ne ba a ba zuma, kuma don me?
3. Faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.