Hoton Ƙirji a Matsayin Littafin Likita

Bayan Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton cikin jiki a Jamus a 1895, an daɗe ana wanke hoton majiyyaci a kan fim. Illar fim kuwa, guda ɗaya ne tak. Idan mutumin Tsafe ko Bunguɗu da aka turo Gusau ya koma gida da nasa cikin ambulan, darasin ya tafi ke nan. Tsarin DICOM na 1993 shi ya daidaita yadda kwamfutoci ke adana hoto da aika shi. Ta haka likita mai neman ƙwarewa zai jera hotunan masu tarin fuka, ya auna fahimtarsa da ta malaminsa. Amma fa sai an goge sunayen majiyyata tukuna, domin sirrinsu amana ne.