Me ya sa kayen ɗan kokawa ke hana wani cin tuwo?

Tambaya ce daga wani mai sauraronmu a Gazawa: me ya sa mutum kan ɗauki abin sha'awarsa tamkar ransa, har ya yi gaba da aboki a kai?

To malam, ga kokawa nan kusa da kai. Tun 1975, da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, takobi ya zama mutuncin jiha. Jihohi 8 ke karawa, kowace da 'yan kokawa 10. In gasa ta taso, ka leƙa teburin mai shayi a Gidan Rumji: shayi ya huce, kowa ya kafa kunne a rediyo, wanda bai taɓa ɗaura laya ba yana ihu "mun kayar!"

Masanin halayyar ɗan Adam Henri Tajfel ya gwada a Ingila wajajen 1970: ya raba yara gida biyu kan dalilin da bai taka kara ya karya ba, nan take kowa ya fifita nasa ɓangaren. Mutum na auna darajarsa da ta ƙungiyarsa. Matashin da damina ta wuce ya zauna ba sana'a kuwa, a ganina shi ya fi kamuwa, domin nasarar gwaninsa ce kaɗai abin tinƙahonsa a fada. Ka kushe gwanin, shi ka zaga. Ga caca, ga zugar WhatsApp, sai wasa ya zama gaba.