'Yar Ƙauye a Jami'a: Binciken da Ɗaliba Za Ta Iya Yi da Kanta

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke ɗalibar babbar makaranta da kika fito daga garuruwanmu na arewacin Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bichi. Iyaye mata ma ku matso, domin maganar ta shafi 'ya'yanku.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ɗalibata ta Islamiyya, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta sami gurbin karatu a wata babbar makaranta a birni. Sai da mahaifinta ya sayar da gero da tumaki biyu kafin aka haɗa kuɗin rajista. Zango ɗaya ta yi ta dawo gida, ta ce ta fasa. Mutanen gari suka ce ai karatun ne ya fi ƙarfinta. Da na zaunar da ita muka yi magana, sai na tarar ko jarrabawa ɗaya ba ta faɗi ba. Abin da ya kore ta daban ne. Tana da lakca ƙarfe 8 na safe, wata kuma sai ƙarfe 4 na yamma, a tsakani ba ta da inda za ta zauna. Banɗakin mata babu ruwa, don haka ta daina shan ruwa tun daga asuba, a cikin zafin bazara. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta yi tambaya a aji aka yi dariyar Turancinta, daga nan ba ta ƙara buɗe baki ba. Ta ce da ni, "Malama, ni fa ji nake kamar na je gidan bikin da ba a gayyace ni ba."

Wannan abin da ta ji, wato rashin jin cewa wurin nata ne, masana sun daɗe suna bincike a kansa. A shekarar 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai 92 'yan shekarar farko, baƙaƙe da farare. Abin da aka yi musu bai wuce na kamar awa ɗaya ba. An ba wasu daga cikinsu bayanan manyan ɗalibai da ke cewa su ma da farko sun ji kamar bare ne, amma abin ya wuce da tafiyar lokaci, sannan aka sa su rubuta irin wannan saƙo ga masu zuwa bayansu. Da aka bibiye su tsawon shekara uku, sai aka ga makin baƙaƙen fatar da aka yi wa wannan ya ɗaga, har ratar da ke tsakaninsu da farare ta ragu da kusan rabi. Kin ga ba a ƙara musu malami ba, ba a ƙara musu littafi ba. An dai cire musu zaton cewa su kaɗai ne ke jin haka, kuma laifin daga gare su yake.

To amma kada mu ɗauko na Amurka mu yafa haka nan. Ba da labari mai daɗi ba zai kawo ruwa banɗaki ba. Namu sai an bi an gano shi a inda yake, kuma wadda ta fi kowa iya gano shi ita ce ɗalibar da ke cikin abin.

A wasu jami'o'in Ingila akan ɗauki ɗalibai aiki na 'yan makonni, a biya su, su binciko wa jami'ar waɗanne wurare ne ɗalibai ke sakewa a cikinsu, waɗanne ne kuma suke gudu. Ke ba sai kin jira an buɗe irin wannan a makarantarku ba, domin akwai ƙofofi a hannunki. Akwai SIWES, shirin sanin makamar aiki da hukumar ITF ta fara a 1973, akwai gwajin koyarwa ga masu karatun malanta, sannan ga babbar ƙofa, aikin binciken kammala karatu, wanda ɗalibai ke kira furojet. Abin takaici, da yawa kan ɗauko tsohon furojet su sauya suna da shekara su miƙa. Na ga an yi, ke ma kin gani. Alhali ga tambaya nan zaune a gefenki a aji, ba wanda ya tanka mata.

Kuma yankinmu ba baƙon bincike ba ne. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Jami'ar Bayero, yake nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin gida da na dabbobi, duk da yawan jama'a. Polly Hill kuma ta yi nazarin gidajen Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. An ƙirga gonakinmu da jakunanmu, an rubuta. Amma yadda 'yar waɗannan manoma ke ji ranar da ta fara taka jami'a, wannan ke ce za ki rubuta shi.

Yadda za ki fara

Ki zaɓi tambaya ƙarama. "Matsalolin ilimin mata a Arewa" teku ce, za ki nutse. Amma "Ina ɗalibai mata masu zuwa daga gida suke zama a tsakanin lakcoci?" wannan kina iya amsa ta a zango ɗaya. Ko kuwa, "Yaya mai goyo ke yi da jaririnta ranar jarrabawa?"

Hanyar da na fi so, kuma na fi ba da shawara a kai, ita ce tafiya tare. Maimakon ki raba takardar tambayoyi a cike miki da "e" da "a'a", ki roƙi ɗaliba guda ta yarda ki bi ta yini ɗaya, tun daga tashar da take sauka har ta koma. Ki riƙe ƙaramin littafi. Ki rubuta minti nawa ta yi daga bakin ƙofa zuwa aji, a wane layi ta zauna, wa ta yi wa magana, a ina ta yi alwala, a ina ta ci abinci, ko ma ba ta ci ba. Idan kika ga ta kauce wa wata hanya ta bi ta nesa, ki tambaye ta dalili. Sau da yawa za ki ji akwai wata inuwa da samari ke zama suna tanka wa duk wadda ta wuce. Wannan ba zai taɓa fitowa a takardar tambayoyi ba, don ke kanki ba ki san za ki tambaye shi ba. In kin bi mutum takwas ko goma haka, ki zana taswirar makarantar da hannu, ki sa alama a wuraren da suka ce suna sakewa, da waɗanda suke gudu. Kada ki tsaya kan munanan kawai. Gindin wata bishiya da mata ke taruwa a kai, ko wata malama da ofishinta ke buɗe ga kowa, su ma sakamako ne, domin su ne za a kwaikwaya.

Ki yi hirar da Hausa in ita ce ta fi sauƙi ga mai ba ki amsa, daga baya kya fassara. Mutum ba ya faɗin abin da ke cin ransa da harshen da ake yi masa dariya a kansa.

Kada ki manta da masu buƙata ta musamman. A nan ma kina da doka a bayanki. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Saboda haka ɗaliba da tef ɗin awo tana iya yin aiki mai nauyi. Ki ƙirga azuzuwa nawa mai keken guragu zai iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Inda aka yi gangare, ki auna shi. Ma'aunin da ake bi a ƙasashe da dama shi ne, duk tashin ƙafa ɗaya a ba shi tsawon ƙafa 12. Wani gangaren in kika gan shi, ko mai ƙafa biyu sai ya dafa. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, Kano na cikin cibiyoyin da ake yi, ga kuma makarantar Tudun Maliki da ke yaye kurame da makafi. To bayan sun ci sun shiga fa? Wa ke karanta wa makauniya takardun lakca? Akwai mai fassara wa kurma da maganar hannu? Ki tambaye su da kansu, kada ki tambayi ɗan rakiyarsu.

Sai maganar amana, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Kafin ki rubuta ko ki ɗauki murya a waya, ki faɗa wa mutum abin da za ki yi da maganarsa, ki nemi izini, kuma yana da damar cewa a'a. Ki sauya suna, ki ɓoye garin. Ƙauyukanmu a haɗe suke, kowa ya san kowa. Idan kika rubuta "wata matar aure mai 'ya'ya uku daga gari kaza da ke karanta fanni kaza", ai kin kira sunanta. Matar aure na iya gaya miki cewa dangin miji ba sa son karatunta, in maganar ta koma gida, ke kin sami maki, ita an cire ta daga makaranta. Tun farko ma ki nuna wa malamin da ke duba aikinki tsarin tambayoyin, ki bi ƙa'idar sashenku.

Idan kin kammala, kada aikin ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Ki taƙaita shi a shafi ɗaya, da abubuwa biyu ko uku da za a iya gyarawa ba da kuɗi mai yawa ba, misali a buɗe wani aji da ba a amfani da shi ya zama wurin hutun mata, ko a ajiye tankin ruwa kusa da banɗaki. Ki kai wa ofishin kula da harkokin ɗalibai da shugabannin ɗalibai mata, cikin ladabi, da alƙaluma a hannu. In kin zo hutu kuma, ki tara ƙannenki da suka sami gurbi bana, ki gaya musu yadda makonninki na farko suka kasance, har da kukan da kika yi a ɓoye.

Ɗalibar tawa ta sake nema bayan shekara biyu, ta koma wata makarantar. A wannan karon mun haɗa ta da wata 'yar garinsu da ke aji uku tun kafin ta tafi, ita ta tarbe ta a tasha. Yanzu tana shekarar ƙarshe, kuma ta ce mini kan wurin zaman mata a tsakanin lakcoci take son yin furojet ɗinta, in malaminta ya amince.