Maraici da Kaɗaita a Kiɗan Ɗanmaraya Jos: Ɗan Tsokaci

Da farko ina neman afuwar masu karatu, domin Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne. Ngas muke yi a gida. Hausata a Titin Bauchi na tsince ta, wurin direbobin tasha, inda mahaifina ya yi shekaru yana lodin fasinja. A motarsa na fara jin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, kuma a kansa wannan ɗan nazari zai tsaya.

A aji an koya mana cewa makaɗan baka iri biyu ne ta fuskar aiwatarwa: na ƙungiya da na kaɗaita. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, na ƙungiya ne, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Na haddace wannan rabe-rabe don jarrabawa kawai, ban taɓa tunanin yana da wata ma'ana ba sai bara, da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa.

Mu dubi sunan mawaƙin. An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta jima ba, Sarkin ne ya riƙe shi. Wani da ya girma sai ya ɓoye wannan tabo. Shi kuwa da shi ya yi suna, har ya zamana duk mai gabatar da shi a rediyo ko a dandali sai ya ambaci rashin iyayensa kafin a ji muryarsa. A ganina wannan ita ce hanyar da ya bi ya saki abin: ya bar shi a bakin jama'a, ana faɗa kullum har zafinsa ya ragu. Kuma bai zauna yana kukan kansa ba, sai ya karkata ga waɗanda ba a kula da su, kamar yadda ya yi a waƙar Karen Mota. Yaran tasha sun san da su yake.

Sai batun amshi, wanda ya fi tsaya mini a rai. Makaɗin ƙungiya idan ya mutu, yaransa sun san waƙoƙin, wani cikinsu ko ɗansa yana iya ɗaukar jagoranci. Makaɗin kaɗaita ba shi da wannan gata. Da Ɗanmaraya ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, babu 'yan amshin da za su karɓa. Sai dai na tuna yadda mahaifina yake yi a hanyar Bauchi: idan mawaƙin ya tsaya ya bar kuntigi yana magana, shi ne ke cike gurbin, yana buga sitiyari da yatsa, fasinja na dariya. Ashe mai sauraro ne ɗan amshin.

Kaset ɗin yana nan a akwatina. Zaren ya tsinke tun kafin a sayar da motar, ƙanena ya ce a liƙa shi da gam, na hana. Waƙoƙin suna cikin wayata, amma har yanzu idan an zo gurbin nan nakan yi shiru.